Kwalabe Uku na Dakta Munawwara

Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke kafin kiran assalatu. Da Abu mai gadi ya dawo daga masallaci, sai ya tarar da ƙofar ɗakin maganin dabbobi a buɗe, kwaɗon yana lilo a jikin ƙarfen da aka ɓanɓare daga katako. Ba a taɓa buhunan gishirin shanu ba, ba a taɓa kwalaben rigakafi ba. Firijin sola ma an mayar da shi an rufe. Abin da aka ɗauka shi ne wani ɗan farin akwati da bai fi tafin hannu ba, da shuɗiyar kular da aka kawo shi a ciki, da robobin ƙanƙara huɗu.

Kafin rana ta ɗaga, duk Rafin Marke ta ji. Ƙauye ne a ƙasar Zandam, rabinsa manoma rabinsa makiyaya, kuma ƙungiyar makiyayan ce ta gina ɗakin. Maigari ya aika a kira Maikano.

Maikano ya haura sittin. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata, daga dazukan Gwaram har bayan Basirka, kuma ba a cika jin muryarsa ba sai ya gama duba ƙasa. Da ya iso ya tarar mutane sun tattake bakin ƙofar kaf, sun kuma zaunar da Haladu ɗan acaba a gindin katanga, an ƙwace makullin babur ɗinsa.

"Shi ya kawo Dakta jiya, shi ya riƙe mata kular," in ji wani daga cikin taron. "Wa ya fi shi sanin inda aka ajiye?"

Idon Haladu ya yi ja.

Maikano ya ce kowa ya ja da baya, sannan ya nemi mai kayan.

*

Dakta Munawwara tana zaune a kan benci a cikin ɗakin, ta ɗora waya a cinya. A Birnin Kudu ɗakin bincikenta yake, amma duk ranar kasuwa takan zo ta karɓi hanjin awaki a mahauta. Kwana huɗu ke nan injin da ke riƙe wutar ɗakinta ya ƙone, shi ya sa ta kawo kwalaben nan ajiya, ta kwana a gidan Maigari wajen matansa.

"Dakta, mene ne a cikin akwatin?" Maikano ya tambaye ta.

"Kwalabe uku, Baba, kowacce ba ta kai ɗan yatsana ba. Ruwan cikinsu ɗigo ne kawai."

"Magani ne?"

"Ba magani ba ne. Bari in gaya maka yadda yake. In mutum ko dabba ta ci abinci, akwai wani sinadari da hanji yake saki, shi ke kai wa jiki labari ya rage sugan da ke cikin jini. Sinadarin yana da wurin da yake sauka a jikin nama, amma wurin ya yi ƙanƙantar da ko madubin bincike ba ya nuna shi. Ruwan kwalaben nan, antibodi muke ce masa, daga jinin zomo ake haɗa shi. In na yanka nama siriri na ɗiga masa, sai ya je ya manne a daidai wurin nan, ya bar launin ƙasa-ƙasa, in gani in ƙirga. Aikinsa ke nan, ba shi da wani."

"To in ya ɓata?"

"Wata bakwai na yi ina jiransa kafin ya iso. Hanjin da na tara na damina da kaka da rani, shekara biyu, duk shi suke jira. In ƙanƙarar nan ta narke ya yini a zafi, ba zan ƙara yarda da abin da ya nuna mini ba." Ta dubi agogon wayarta. "Da ƙyar ta kai la'asar."

"Wa ya san da shi?"

"Kowa. Jiya da yamma a zauren Maigari an tambaye ni, na yi bayani. Na ce aikin ya shafi ciwon suga."

Maikano ya tambayi waɗanda suke zaune a lokacin. Ta lissafa Abu, da Haladu, da Yunusa mai kemis, da Sarkin Pawa Munzali wanda yake ware mata hanjin, da wasu dattawa uku da ba ta riƙe sunansu ba.

*

Ya fara da Abu. Tsohon ya rantse cewa bai bar bakin ƙofa ba sai da ladan ya yi kira na biyu, kuma bai fi rabin sa'a a masallaci ba. Maikano ya dubi ƙarƙashin bencin da yake kwana a kai. Ƙasar wurin a bushe take, ga shatin butarsa, ga sawun silifas ɗinsa ya nufi masallaci ya dawo, ba karkata. Ya bar shi.

Sawun babur kuwa yana nan a fili, ya zo har kusa da ɗakin bayan ruwa ya ɗauke. Wannan ne ya sa aka kama Haladu.

"Ka zo nan da asuba?" Maikano ya tambaye shi.

"Na zo, Baba."

Taron ya ɗauki guna-guni.

"Yin me?"

"Rigar ruwana na manta jiya a kan taga. Zan kai wata mata Gwaram da sassafe, na biyo na ɗauka. Ko sauka ban yi ba."

Maikano ya tsuguna. Tayar ta tsaya daidai ƙarƙashin tagar, ƙafar hagu ɗaya ta taɓa ƙasa, ta ɗaga, babur ya yi kwana ya tafi. Daga nan zuwa ƙofa taku tara ne, kuma babu ko ɗaya a tsakani.

"Ku ba shi makullinsa," ya ce.

"Maigari ya ce a riƙe sai an gama," in ji wanda yake riƙe da shi.

Maikano bai yi musu ba. Ya zaga bayan ɗakin, inda ba wanda ya taka tukuna. A nan ya sami abin da yake nema: sawun takalmin ruwa, irin dogon nan na roba, ya fito daga kusurwa ya shiga gonar dawa. Da damina rabin mazan garin irinsa suke sawa, saboda haka takalmin bai gaya masa komai ba. Tafiyar ce ta tsayar da shi. Ƙafar hagu tana dira daidai. Ta dama kuwa dunduniya kawai take nutsewa, gaban ba ya taɓa ƙasa sosai, kamar mai shi yana kare 'yan yatsunsa.

Ya bi shi kunya bayan kunya. Bai yi nisa ba ya ga inda mutumin ya ajiye kular a kan kunya, ga shatin gindinta mai kusurwa huɗu, ya juya ya tsuguna ya kama ruwa. Maikano ya wuce. Kafin ƙarshen gonar, tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba, sai ga shatin kular kuma, ga wurin tsuguno na biyu a gindin wata ɗorawa.

Nan ya daɗe. Ƙasa duk a jiƙe take da ruwan sama, amma a daidai inda fitsarin ya zuba, kiyashi sun yi baƙi ƙirin, suna ta kai da komo. Ya koma da baya ya sake duba wurin farko. Nan ma sun taru, bai dai lura ba ne da farko.

Ya taɓa ganin haka sau ɗaya, a bayan ɗakin mahaifiyarsa, shekarar da ciwon suga ya kwantar da ita.

Bayan ɗorawar ƙasa ta ƙare, fa ya fara, shimfiɗaɗɗen dutse har bakin titi. Ya zaga gefensa sau biyu bai ga inda sawun ya sauka ba.

*

Da ya dawo cikin gari ya tarar maganar ta koma kan Yunusa mai kemis. Wata mata ta ga an shigar masa da ƙanƙara da safe, kuma an san shi da yi wa mutane allura a bayan labule. Maikano ya je shagon. Yunusa da kansa ya buɗe bokitin: ƙanƙarar leda ce daga Gwaram, ya jera lemon kwalba a kai na sunan ƙanwarsa da za a yi gobe. Takalmin ruwansa yana bakin ƙofa, busasshe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ɗaya.

"Malam Yunusa, su wa ke sayen maganin suga a wajenka?"

"Mutum uku ne. Inna Hawwa ta bakin rijiya, da matar Liman, da wani tsoho a rugar gabas da ba ya ko tashi."

"Namiji mai ƙarfi fa, wanda zai iya ɓanɓare ƙarfe daga katako?"

"Babu."

"To wa ke yawan sayen bandeji da maganin miki?"

Yunusa ya ɗan yi tunani. "Sarkin Pawa ne. Duk mako. Ya ce mahautansa ne suke yanke hannu. Ni dai na ce masa wannan yanka ya yi yawa."

Maikano ya yi masa godiya ya fita. Ya tsaya a inuwar rumfar shagon ya fi minti biyar.

Tare suka tashi da Munzali, tare aka yi musu kaciya, kuma Munzali ne ya yanka ragon sunan 'ya'yan Maikano duka. Yanzu da yake tsaye sai abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Rigunan Munzali sun yi masa yawa tun bara. Galan ɗin ruwa ba ya rabuwa da gefen teburinsa. Ya daina zuwa jam'in azahar, yana cewa aiki. Sannan ga yayan Munzali, wanda aka yanke wa ƙafa daga gwiwa shekara huɗu da suka wuce, bai kuma yi wata shida ba bayan nan.

Ya nufi mahauta don su yi magana su biyu, amma aka ce Sarkin Pawa bai fito ba yau. Kafin ya juya zuwa gidansa, ɗan aiken Maigari ya tare shi: an tara duk waɗanda suka ji bayanin jiya a zaure, har Sarkin Pawa, ana jiransa, kuma wasu matasa sun fara maganar a miƙa Haladu ga 'yan sanda a Gwaram.

*

Takalma sun cika bakin zauren. Maigari yana kan buzunsa, Dakta Munawwara tana gefe a kan kujera, Abu da Yunusa da dattawa suna kan tabarma, Haladu yana can kusurwa shi kaɗai. Munzali bai shiga ba. Yana zaune a kan dakalin bakin ƙofa da takalmin ruwansa a ƙafa, ya ce daga turken dabbobi yake, kada ya ɓata shimfiɗa. Rana ba ta yi zafin kirki ba, amma gumi yana tsattsafo masa a goshi, yana kuma yawan sosa wuyansa.

Maikano ya gaishe da Maigari ya zauna kusa da ƙofa.

"Ranka ya daɗe, Abu bai bar wurin aikinsa ba sai don salla. Haladu bai sauka daga babur ba. Takalmin Yunusa bai taka ƙasa ba yau. Waɗannan uku ba su da hannu."

"To waye?" in ji Maigari.

"Mutum ne da ƙafarsa ta dama take ciwo. Ba ɓarawon sana'a ba ne, don ya bar rigakafin da zai sayu a kasuwa, ya kuma tsaya ya rufe firijin don kada kayan jama'a su lalace. Ya tsuguna sau biyu a gonar dawa, kiyashi sun taru a wurin. Yana da suga, kuma bai gaya wa kowa ba. Jiya ya ji an ambaci ciwonsa a zauren nan, ya ɗauka magani ne aka kawo." Bai dubi dakalin ba. "Kafin in ƙara komai, ina roƙon Dakta ta sake bayanin jiya, ta kuma faɗi abin da zai sami wanda ya sa ruwan nan a jikinsa."

Dakta Munawwara ta miƙe tsaye, fuskarta ta canza.

"Wallahi ba magani ba ne. Ba ya rage suga ko kaɗan. A kan yankakken nama kawai ake ɗiga shi. Jinin zomo ne, jikin mutum yana iya ƙin sa, ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Kuma an zuba masa wani abu mai guba don kada ya ruɓe. Ni na yi kuskure da ban faɗi wannan jiya ba. Duk wanda yake wajensa, don Allah kada ya kusantar da shi jikinsa."

Wani dattijo ya yi gyaran murya.

Daga bakin ƙofa muryar Munzali ta fito, a hankali. "Dakta, in mutum ya riga ya yi fa?"

Duk aka juya.

"Nawa?" ta tambaye shi, tana tahowa. "Yaushe? A ina?"

"Ɗaya. Da hantsi, a cinya, da sirinjin awaki. Ɗigo ne kawai a ciki, har na ɗauka ya zube ne. Na ce in bar biyun sai gobe da jibi."

Ta tsuguna gabansa ta duba idonsa da leɓensa, ta sa ya ja numfashi, ta ga ƙurajen da suka feso masa a wuya. Ta ce abin da ya shiga kaɗan ne, amma ita ba likitar mutane ba ce, dole a kai shi asibiti yanzu. Sannan ta dubi takalmin.

"Cire, Sarki," in ji Maikano.

"Maikano, a gaban mutane?"

"Sun riga sun ji. Cire."

Da hannu biyu ya ja takalmin damar. Bandejin ya rine, warin ya shiga zauren. Yatsu biyu sun yi baƙi. Yunusa ya yi salati ya kau da kai.

"Wata biyar ke nan," Munzali ya ce, yana kallon ƙasa. "Ƙusa ce ta soke ni ban ji ba. Na ga abin da aka yi wa Yaya. Kuma wa zai sayi nama a hannun mai ruɓaɓɓiyar ƙafa? Jiya da na ji ta ce hanji ne yake aika wa jiki ya rage suga, na ce shekara arba'in ina wanke hanji, ashe maganina a ciki yake." Ya ɗaga kai ya nemi Haladu da ido. "Ina ji ana cewa kai ne, na yi shiru. Wannan ya fi satar muni. Ka yafe mini."

Haladu ya tashi ya miƙa hannu ga wanda ke riƙe da makullinsa, aka sa masa a tafin hannu.

"Ina kular?" Maikano ya tambaya.

"Tana cikin rumbun bayan ɗakina, na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu."

Maikano da kansa ya je ya ɗauko. Dakta Munawwara ta buɗe a gaban kowa. Biyu daga robobin ƙanƙarar sun narke, biyu da sauran ƙarfinsu. Kwalabe biyu suna tsaye a raminsu, hatiminsu bai motsu ba. Ramin na uku babu komai. Ta taɓa su da bayan yatsa, ta rufe, ta ba Abu ya mayar firiji da gudu.

Maigari ya tambaye ta ko za ta kai ƙara.

"Ranka ya daɗe, a fara kai shi asibiti. Kwalba biyu za su ishe ni damina da kaka. Na rani sai wata shekarar, in Allah ya kai mu. Ƙofar kuma ta ƙungiya ce, ba tawa ba."

Maigari ya ce Sarkin Pawa zai gyara ƙofa, kuma in ya dawo zai tsaya a masallacin Juma'a ya wanke Haladu da bakinsa. Munzali ya ce ya ji.

Sai aka shiga neman mota. Ba ranar kasuwa ba ce, motar da ke garin ɗaya ce kuma ta tafi Basirka tun safe. Ana cikin haka aka ji ƙarar babur a ƙofar zauren. Haladu ne, yana kallon gabansa, bai dubi kowa ba.

"Ku ɗora shi," ya ce. "Baba Maikano, ka hau baya ka riƙe shi, kada ya faɗo mini a hanya. In mun fita titi ma samu mota."

*

A asibiti a Birnin Kudu, ƙurajen suka kwanta a kwana na biyu. An cire yatsun biyu, aka bar masa ƙafarsa. Likitan ya ce da an ƙara mako uku da ba haka zancen yake ba. Kwana goma sha tara ya yi a kwance, Maikano yana zuwa duk Talata da Asabar, yana kawo masa labarin mahauta, yana kuma ƙwace duk wani abu mai zaƙi da masu dubiya suka ajiye.

Ran da Munzali ya dawo Juma'a ce. Bayan an idar da salla ya miƙe da sanda, ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba, har da ciwon da ya ɓoye. Wasu sun daina sayen nama a teburinsa. Da yawa ba su daina ba. Kafin watan ya ƙare, mutum shida daga garin sun je Gwaram an gwada jininsu, aka sami biyu da suga, ɗaya daga cikinsu Maigari ne.